Gurbi 361 da Taswira Biyu: Yadda Ake Koyon Tsira Allura a Likitancin Sin

A shekarar 1027, a birnin Kaifeng, fadar daular Song ta ƙasar Sin, wani likitan sarki mai suna Wang Weiyi ya sa aka zuba mutum-mutumi biyu na tagulla, kowanne tsayin namiji baligi. An huda jikinsu da ƙananan ramuka 657, waɗanda ke nuna gurabe 354 na tsira allura, domin yawancin guraben suna da na dama da na hagu. Marubutan da suka zo daga baya sun ba da labarin yadda ake jarrabawa da su: a shafe jikin da kakin zuma har ramukan su ɓace, a cika cikin da ruwa, sannan a ambata wa ɗalibi sunan gurbi a miƙa masa allura. In ya dace, allura ta shige, ruwa ya tsarto. In ya kuskure, allura ta ci karo da tagulla.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ana iya buɗe mutum-mutumin gida biyu, kuma a cikinsa an jera siffofin kayan ciki. Ke nan tun wancan zamani malaman sun san zanen da ke kan fata rabin karatu ne. Ɗalibin wannan fanni taswira biyu yake ɗauka: ta magudanai da gurabe wadda ya gada daga tsofaffin littattafai, da ta ƙashi, tsoka, jijiya da huhu wadda ilimin fiɗa ya tabbatar. Ta farko ita ke gaya masa inda zai sa allura. Ta biyu ita ke gaya masa inda zai tsaya. Mafi yawan ɓarnar da ake samu a wannan sana'a daga mutanen da suka haddace ta farko ne suka raina ta biyu.

Sai an fara warware kalmomi, don a nan ruɗanin yake somawa. Abin da Sinawa ke cewa yana gudana a jiki shi ne qi, ana furta shi kusa da "ci". A tsohon rubutunsu alamar kalmar tururi ce a kan shinkafa, ma'anarta tana tsakanin numfashi, tururi da kuzarin da abinci ke bayarwa. Bafaranshen nan George Soulié de Morant ne ya yaɗa fassara ta da ma'anar makamashi a Turai daga shekarun 1930, shi ne kuma ya ara wa magudanan sunan layukan taswirar duniya. Wannan fassara ce ta sa mutane da yawa ke zaton wata irin wutar lantarki ce ke bin waya a cikin jiki. Tsofaffin littattafan ba da waya suke misali ba, da ruwa suke yi: koguna, ƙoramu, madatsu da ambaliya. Shi ya sa "magudana" ta fi dacewa a Hausa. Gurbin allura kuwa xue suke ce masa, wato rami ko kogo.

Bahaushe yana da wata sa'a wajen gane tsohuwar kalmar Sinawa ta magudana, wato "mai". Mu ma "jijiya" muke cewa ga wadda jini ke bi, da wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, da wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi. Haka kalmar "mai" take a farkon zamani, ba a raba hanyar jini da hanyar qi sarai ba. Rubuce-rubucen da aka tono a 1973 daga kabarin Mawangdui a Changsha, wanda aka rufe a shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa, sun lissafa magudanai 11 ne, ba 12 ba, kuma babu maganar allura ko jerin gurabe a cikinsu, sai gasa fata da wuta. Wannan yana nuna tsarin bai sauko a kammale ba, gina shi aka yi a hankali. Tsohon littafin likitancinsu, Huangdi Neijing, ya ce gurabe 365 ne, daidai da kwanakin shekara, amma waɗanda ya ambata da suna ba su kai rabin haka ba. Huangfu Mi a ƙarni na 3 ya kai su 349, Wang Weiyi 354, Yang Jizhou a 1601 ya kai 359, sai Li Xuechuan a 1817 ya tsayar da 361 da ake koyarwa yau.

Ko a zamanin nan ba a rasa saɓani ba. Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta zaunar da masanan Sin, Japan da Koriya don su daidaita wuraren, an tarar gurabe 92 ba wuri ɗaya suke nunawa ba. Littafin da aka fitar a 2008 ya sasanta 86, shida kuwa aka bar su da wuri bibbiyu, ciki har da Laogong na tafin hannu da Shuigou na ƙarƙashin hanci.

Manyan magudanai 12 ne, kowace da sunan wata gaɓar ciki, kuma ana haddace su ne bisa jerin da aka ce qi yana bi: huhu mai gurabe 11, babban hanji 20, tumbi 45, saifa 21, zuciya 9, ƙaramin hanji 19, mafitsara 67, ƙoda 27, jakar zuciya 9, sanjiao 23, matsarmama 44, hanta 14. Jimla 309, kowanne dama da hagu. A ƙara biyu da ke bin tsakiyar jiki, Du mai hawa ta gadon baya da gurabe 28, da Ren mai hawa ta ciki da ƙirji da 24, an sami 361. Wanda ya yi ƙoƙarin haddace wannan a matsayin jerin lambobi zai sha wuya a banza. Malamai da alkibla suke farawa: uku suna tashi daga ƙirji su sauka ta cikin hannu zuwa yatsu, uku daga yatsu ta bayan hannu zuwa fuska, uku daga fuska zuwa yatsun ƙafa, uku kuma daga ƙafa ta cikin cinya su koma ciki da ƙirji. Ƙirji, hannu, kai, ƙafa, ƙirji, zagaye uku ke nan, kowane zagaye da magudanai huɗu. In wannan ya zauna, sauran cike gurbi ne.

Akwai tarkon da ɗalibai ke yawan faɗawa. A cikin ƙafa, ƙa'ida ita ce saifa a gaba, hanta a tsakiya, ƙoda a baya. Amma daga idon sawu zuwa awo takwas (awon jiki da za a bayyana a gaba) sama da shi, hanta ce a gaba, sai a nan su yi musayar wuri. A ciki kuma layukan suna da tazara daga tsakiya: ƙoda rabin awo, tumbi awo biyu, saifa huɗu, da an hau ƙirji sai su buɗe zuwa biyu, huɗu da shida. Wanda ya ɗauki awon ciki ya kai ƙirji ya bar magudana ɗaya ya hau wata.

Su kansu sunayen gaɓoɓin suna yaudara. Saifa a wannan tsari ita ce uwar narkar da abinci, aikin da saifar da likitan fiɗa ya sani ba ta yi. Ƙoda ita ke riƙe da girma, haihuwa, ƙashi da ji. Sanjiao, wato murhu uku, ba ta da wata tsoka da za a ɗaga a nuna, rabe-raben aikin jiki ne na sama, tsakiya da ƙasa. Don haka idan mai wannan magani ya ce wa mutum ƙodarsa ta yi rauni, ba yana nufin ciwon ƙodar da ake wankin jini dominsa ba. Haɗarin yana ta fuska biyu: lafiyayye ya firgita a banza, ko mai ciwon ƙoda na gaske ya zauna shan allura bai je an auna jininsa ba.

Yanzu ga inda aikin yake, wato awo. Ma'aunin shi ne cun, ana furta shi kamar "tsun", kuma ba shi da tsayi tsayayye. Wanda ya taɓa sayen yadi da kamu ya san kamun dogo ba ɗaya yake da na gajere ba. To a nan da jikin majiyyaci ake aunawa, ba da na likita ba. An yanka jiki kashi-kashi, kowane kashi da adadinsa komai girman mutum. Daga layin gwiwar hannu zuwa layin wuyan hannu 12 ne. Daga bakin hammata zuwa gwiwar hannu 9. Daga ƙahon zuci zuwa cibiya 8, daga cibiya zuwa saman ƙashin mara 5. Daga layin bayan gwiwa zuwa idon sawu na waje 16. Daga matsayar gashin goshi zuwa ta ƙeya 12. Idan damtsen ƙasa na wani santimita 24 ne, awonsa a wurin santimita 2 ne. Yaron da nasa 18 ne, awonsa ɗaya da rabi. Kuma awon sama da cibiya ba dole ya yi daidai da na ƙasa da ita ba ko a jikin mutum ɗaya, musamman mai tumbi. Hanyar da ta fi aminci ita ce rabawa: a nemo iyakokin biyu, a raba tsakani biyu, a sake rabawa. Wasu makarantu suna amfani da roba mai talewa da aka yi wa zane daidai wa daida, a ja ta tsakanin iyakokin, zanen ya buɗe daidai da jikin mai ita.

Akwai gajeriyar hanya ta yatsu: faɗin babban yatsa a gaɓarsa awo ɗaya, yatsu huɗu a haɗe awo uku. Tana da sauri, shi ya sa ake son ta, shi ya sa kuma take ɓatar da mutane. Likita mai kaurin yatsu da ya auna ƙafar siririyar yarinya da hannunsa zai zarce wurin. Ko da yatsun majiyyacin aka yi, kuskuren yana taruwa idan tazarar ta yi tsawo. Ta dace da awo ɗaya zuwa uku, ba ta dace da takwas ba.

A ɗauki Zusanli, gurbi na 36 a magudanar tumbi, wanda ya fi kowanne suna. Majiyyaci ya lanƙwasa gwiwa. Ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa akwai loko biyu, ɗaya kowane gefen agarar, kamar hancin maraƙi, kuma haka Sinawa suka raɗa wa na wajen, Dubi. Daga wannan lokon a sauko awo uku. Sannan a lalubo kaifin ƙashin ƙwauri, a matsa waje da faɗin yatsa ɗaya, yatsa zai sauka a kan tsoka mai laushi. In aka ce majiyyaci ya ɗaga yatsun ƙafarsa sama, tsokar za ta kumbura ƙarƙashin hannu, alamar an zo. Kurakuran nan uku ne kullum: a fara awo daga tsakiyar ƙoƙon gwiwa maimakon lokon, a auna ƙafa a miƙe sannan a lanƙwasa ta bayan an yi alama har fata ta ja alamar ta kauce, ko a manne wa ƙashi har allura ta dunguri ƙwauri.

Neiguan kuma yana cikin hannu, awo biyu sama da layin wuyan hannu, wato kashi ɗaya cikin shida na tazarar zuwa gwiwar hannu, tsakanin agara biyu da ke fitowa idan an dunƙule hannu an ɗan lanƙwaso shi. Wasu mutane an haife su babu ɗaya daga cikin agarar biyun, sai ɗalibi ya yi ta lalube yana neman abin da babu. Kai tsaye ƙarƙashin gurbin kuwa babbar jijiyar saƙo ce mai zuwa babban yatsa, manuniya da na tsakiya. Idan majiyyaci ya ji kamar wuta ta ja shi har yatsu, ba nasara ba ce, allura ta taɓa jijiyar, sai a janye ta a sauya kusurwa.

A baya kuwa ƙidayar ƙashi ce ke wahalarwa. Layin farko na magudanar mafitsara yana awo ɗaya da rabi daga tsakiya, na biyu awo uku, daidai bakin allon kafaɗa. Gurbin huhu yana daidai ƙasan ƙashin baya na uku, na zuciya na biyar, na hanta na tara. Ana kama ƙidaya daga ƙashin da ya fi tsini a gindin wuya idan an sunkuya, ko daga ƙasan allon kafaɗa da ke daidai na bakwai idan hannaye suna sauke. Ƙashi ɗaya aka tsallake, duk jerin ya goce. Haka kan nono, da littafi ya ce yana tsakanin haƙarƙari na huɗu da na biyar: ga saurayi haka ne, ga mace ko tsoho sai dai a ƙirga haƙarƙarin daga sama.

Sunayen guraben taimako ne babba ga wanda ya damu ya san ma'anarsu, abin da lambobi irin su ST36 (lambar Zusanli) ke ɓoyewa. Hegu, tsakanin babban yatsa da manuniya, mahaɗar kwari ke nan, kuma wurin kwari ne tsakanin tudu biyu. Quchi a gwiwar hannu tafkin kwana ne. Yongquan a tafin ƙafa maɓulɓula ce. Sanyinjiao, awo uku sama da idon sawu na ciki, sunansa ya faɗi aikinsa, mahaɗar magudanai uku. Misalin ruwan nan shi ya haifi rukunin gurabe biyar-biyar da kowace magudana ke da su daga yatsa zuwa gwiwa: rijiya, idon ruwa, ƙorama, kogi, teku, 60 ke nan gaba ɗaya. Ɗaliban Sin da waƙa suke haddace irin waɗannan, kamar yadda almajiri ke riƙe ƙa'idojin nahawu da baitoci. A aikin yau da kullum kuwa likitoci kaɗan ne ke taɓa dukan 361, yawanci wasu 'yan gommai suke juyawa.

Allurar kanta ta baƙin ƙarfe ce marar tsatsa, ba ta da rami a ciki, kaurinta wajen milimita 0.25, tsawonta daga 13 zuwa 75, kuma sau ɗaya ake amfani da ita a jefar. Kafin ɗalibi ya taɓa mutum, sai ya yi makonni yana huda ɗaurin takarda mai laushi da curin auduga, har yatsunsa su iya tura siririyar allura ba ta lanƙwashe ba. Daga nan jikinsa, sannan na abokan karatu. Kusurwa uku ce: a tsaye inda nama ke da kauri, a karkace wajen digiri 45, a kwance wajen digiri 15 inda ƙashi ke dab da fata kamar kai da ƙirji. Abin da ake nema shi ne deqi, majiyyaci ya ji nauyi, tsami, kumburi ko ɗan sanƙarewa a wurin, ba zafin suka ba. Likitan kuma ya ji allura ta kama, abin da tsofaffin malamai suka kwatanta da kifi ya haɗiyi ƙugiya. Binciken Helene Langevin a Amurka ya nuna zaren naman da ke ƙarƙashin fata ne ke nannaɗe allura idan an murza ta. Wannan ne ma dalilin da ya sa ake murzawa gaba da baya. Wanda ya yi ta murzawa gefe ɗaya zai ga allura ta maƙale ta ƙi fita, maganinta a warware ta baya, ba a fizga ba. Ba a kuma tura allura har gindi, don a mahaɗar jiki da mariƙi take karyewa.

Abin da ya fi faruwa a ɗakin koyo shi ne suma. Mai jin yunwa, mai azumi, gajiyayye ko matsoraci da aka tsira wa allura a zaune, sai a ga fuska ta canza, gumi ya keto, ya ce jiri yake ji. A zare alluran duka, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafu, in ya dawo a ba shi ruwa mai sukari. Shi ya sa sabon zuwa a kwance ake fara masa.

Me bincike ya ce game da taswirar farko? Har yau fiɗa ko na'ura ba su nuno wani bututu da ya dace da magudanan ba. Kim Bong-han na Koriya ta Arewa ya yi iƙirarin gano su a farkon shekarun 1960, maganar ba ta tabbata ba. Game da amfani kuwa, gwajin da aka yi a Jamus kan ciwon baya, wanda aka buga a 2007 da majiyyata 1,162, ya ba kowane ɓangare abin da bai so ba. Waɗanda aka yi wa allura a guraben gaskiya, kashi 47.6 cikin ɗari sun sami sauƙi. Waɗanda aka tsira wa sama-sama a wuraren da ba gurabe ba, 44.2. Masu magani da motsa jiki na asibiti, 27.4. Allura ta yi aiki, amma dacewa da gurbi bai ƙara abin a zo a gani ba. Nazarin da Andrew Vickers da abokan aikinsa suka sabunta a 2018, mai haɗa majiyyata fiye da 20,000 masu daɗaɗɗen ciwo, ya sami fifikon allurar gaskiya a kan ta bogi, amma ƙarami. A ɗaya gefen, wani bincike kan ɓeraye da aka buga a 2021 ya nuna ƙaramar wutar lantarki a daidai Zusanli tana tayar da hanyar jijiya mai rage kumburi, abin da irin wannan wutar ba ta yi ba a gurbin ciki, saboda nau'in jijiyoyin da ke ƙafar babu su da yawa a can. Ɓera ba mutum ba ne, amma darasin a fili yake: inda wuri ya yi tasiri, jijiyar da ke ƙasa ce ta bambanta shi. Hukuncin da ya fi kusa da adalci shi ne, yanki yana da muhimmanci, milimita ba ta kai yadda ake kururuta ta ba, kuma babu hujjar ɗaukar allura a madadin maganin sankara, tarin fuka ko ciwon suga.

Inda milimita ke da hukunci shi ne zurfi. A kusa da allon kafaɗa da saman ƙirji, huhun siririn mutum yana iya kasancewa milimita 10 zuwa 20 kacal ƙarƙashin fata, kuma danna yatsa yana ƙara rage tazarar. Allura mai milimita 25 ta isa ta huda shi, iska ta taru a ƙirji huhu ya lotsa. Alamun su ne suka a ƙirji, busasshen tari da ƙarancin numfashi, wani lokaci sai bayan sa'o'i, mutum ya riga ya koma gida. Wannan na asibiti ne nan take, a ɗauki hoton ƙirji. A ƙeya, gurabe biyu na tsakiya suna fuskantar mahaɗar ƙwaƙwalwa da laka, ba a karkata allura sama. A tsakiyar ƙirji wasu mutane suna da huda a ƙashin tun haihuwa, zuciya na bayanta, don haka a kwance ake sakawa. A mara sai an yi fitsari tukuna. Cibiya ba a tsira mata allura sam, sai dai a cika ta da gishiri a ƙona ganyen ai a kai, wani ɗan'uwan tazargade. Mai ciki ana kauce mata Hegu, Sanyinjiao da guraben mara. Wani bincike a Jamus da ya bi majiyyata 229,230 a hannun likitocin da suka yi karatun asibiti ya sami hudar huhu sau biyu kawai. Wannan adadi shaidar horo ne, ba shaidar cewa allura ba ta da haɗari ba. A Sin digirin fannin shekara biyar ne, da fiɗa da ilimin cututtuka a ciki. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1999 ta sa sa'o'i 2,500 ga wanda ba likita ba, 500 daga ciki na likitancin zamani. Kwas ɗin mako biyu da takardar shaida mai hatimin zinariya bai kusanci wannan ba.

Akwai kuma gurbin da ba ya cikin 361, ba shi da lamba, ba shi da awo. Sun Simiao, likitan daular Tang a ƙarni na 7, shi ya rubuta shi da sunan ashi, wato abin da majiyyaci ke faɗa idan an danna daidai inda ke masa ciwo, kamar mu ce "wash, nan ne!" Likitoci suna yawan amfani da shi ga masu ciwon wuya da kafaɗa, irin na direbobi da masu zaman kwamfuta. Wurin da irin waɗannan suka fi cewa "nan ne" shi ne tudun naman da ke tsakanin wuya da kafaɗa, kusa da gurbin Jianjing, kuma ƙololuwar huhu tana ƙarƙashinsa. Ƙwararru a nan sukan tsunkuli tsokar da yatsu biyu su ɗago ta daga haƙarƙari, su sa gajeriyar allura ta ratsa naman da ke tsakanin yatsunsu, bakinta na kallon gaba ko baya, ba ƙasa ba.